MLS Next ko ECNL: wacce ta fi wa yarana, kuma me ya haɗa gasannin nan faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Koci. Ina zaune a Amurka da iyalina. Ɗana shekararsa 12, 'yata kuma 14, dukansu suna buga ƙwallo a wani ƙaramin kulob na garinmu. Bana kulob biyu sun neme su. Ɗaya ya ce yana cikin MLS Next, ɗayan ya ce yana ECNL, kuma kowanne na cewa tasa gasar ce babba a ƙwallon yara. Na farkon tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga gidanmu. Kowannensu yana neman sama da dala 3,000 a shekara kan kowane yaro, ban da kuɗin tafiye-tafiye. Me ya sa gasannin suka yi yawa haka? Wacce ce ta gaskiya? Idan ban kai su yanzu ba, na cuce su ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Bari in fara sauke maka nauyin da ke ranka: ba ka cuci kowa ba. Yaro ɗan shekara 12 da ke taka leda kusa da gida, yana da koci mai koya masa, yana shiga fili kowane mako, babu abin da ya wuce shi tukuna. Maganar 'yarka ce mai ɗan gaggawa, kuma zan zo kanta. Amma kafin ka auna sunayen nan biyu, akwai tambayar da nake so iyaye su fara yi wa kowane kulob: daga aljihun wa albashin kocin nan yake fitowa? Amsar wannan tambaya ce ta raba ƙwallon yara a Amurka gida biyu, ba sunan gasa ba.

Gida na farko shi ne na akademin ƙungiyoyin MLS, wato babbar gasar maza ta ƙasar, mai ƙungiyoyi 30, uku daga ciki a Kanada. Kusan dukansu kyauta suke horar da yara. Ƙungiyar ce ke biyan koci, da fili, da jirgi, da otal. Ba sadaka take yi ba, jari take zubawa. Fatanta shi ne cikin tarin yaran nan ɗaya ya fito, ta sa shi a babbar ƙungiyarta ko ta sayar da shi Turai. Haka FC Dallas ta sayar da Ricardo Pepi ga Augsburg ta Jamus a farkon 2022 kan kusan dala miliyan 20. Haka Philadelphia Union ta sayar da Brenden Aaronson ga Salzburg, haka Vancouver ta sayar da Alphonso Davies ga Bayern Munich a 2018. A wannan gida ci gaban yaro shi ne ribar ƙungiya, shi ya sa ake kula da shi sosai, shi ya sa kuma idan aka ga ya tsaya wuri ɗaya ake sallamarsa a ƙarshen kaka ba tare da jin nauyi ba.

Gida na biyu shi ne duk sauran. A can iyaye ne ke biya. Kulob yana rayuwa ne da yawan yaran da suka yi rajista, don haka abokin cinikinsa kai ne, ba Augsburg ba. To me zai sa ka wuce kulob ɗin unguwarku ka tuƙa mota awa ɗaya da rabi zuwa wani? Tambarin gasar da ke jikin rigarsu. Ka san yadda makarantun kuɗi suke a gida, inda mai makaranta yake ƙara wa allon sunansa kalmomi masu nauyi don ya ƙara kuɗin zango, alhali abin da ɗanka zai samu yana hannun malamin da ke tsaye gaban aji. Haka abin yake a nan. Ka kuma riƙe wannan da kyau, domin nan ne iyaye suka fi ruɗewa: yawancin kulob-kulob da ke cikin MLS Next ba na MLS ba ne. Sama da ɗari daga cikinsu na gida na biyu ne, masu karɓar kuɗin iyaye, sun dai shiga gasa ɗaya da akademin MLS. Tun da wannan kulob ya nemi ka biya fiye da dala 3,000, ka riga ka san gidan da yake.

Yawan gasannin kuwa yana da tarihi. A mafi yawan ƙasashe hukumar ƙwallon ƙasa ce ke tsara gasar yara daga sama har ƙasa, tsani ɗaya, kowa ya san matakinsa. A Amurka hukumar ƙasa tana da ƙungiyoyi da dama a ƙarƙashinta, kuma kowacce tana da ikon yi wa yara rajista ta shirya tata gasar. Akwai AYSO da aka kafa a 1964, akwai US Youth Soccer ta 1974 mai rassa a jihohi, sai US Club Soccer da ta zo a 2001 saboda manyan kulob-kulob sun gaji da dokokin rassan jihohi. Kowane yaro da aka yi wa rajista kuɗi ne ke shiga, don haka tun daga tushe zawarcin kulob-kulob ake yi.

A 2007 hukumar ƙasa ta ga abin ya yi yawa, ta kafa tata gasar ta maza mai suna Development Academy, wadda kowa ke kira DA. Dalilinta mai kyau ne, kuma har yau ina ganin ta yi gaskiya a kansa. A lokacin, yaro kan buga wasa huɗu ko biyar cikin Asabar da Lahadi ɗaya, ya dawo a gajiye, ya yi atisaye sau biyu kacal, ya sake komawa wata gasar. DA ta ce a juya lissafin: atisaye ya yawaita, wasa ya ragu amma ya zama mai zafi, kada a buga fiye da ɗaya a rana, kuma wanda aka fitar daga fili ba ya dawowa, don yaro ya koyi sarrafa ƙarfinsa. Ba a saka mata a ciki ba. Sai manyan kulob-kulob na mata suka haɗa kai a 2009 suka kafa ECNL, wato Elite Clubs National League, da kulob 40, ƙarƙashin US Club Soccer. Shekaru takwas kowa na gonarsa: DA da maza, ECNL da mata.

A 2017 aka shiga gonar juna. Hukumar ƙasa ta buɗe DA ta mata, ECNL ita ma ta buɗe ɓangaren maza. Daga nan ne rigimar da kake gani yau ta samo asali, kuma abin da ya fi rura wutarta ba dabarun ƙwallo ba ne, maganar makarantar sakandare ce. Tun 2012 DA ta mayar da kakarta wata goma, ta hana yaranta buga wa makarantunsu wasa. Wanda bai zauna a Amurka ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Wasan makaranta shi ne inda 'yan ajinka ke zuwa kallo, inda jaridar gari ke buga sunanka, inda yarinya ke sa rigar makarantarsu tare da ƙawayen da suka taso tun firamare. Maza da yawa sun haƙura saboda suna hango MLS. Mata kuwa suka ga ba su da abin da za su samu a madadin, tunda masu horarwa na jami'o'i suna zuwa kallon ECNL, ita kuma ba ta hana su wasan makaranta ba. Bayan kaka ɗaya tak, a 2018, manyan kulob irin su PDA ta New Jersey, da Michigan Hawks, da FC Stars, da Eclipse Select suka fice daga DA ta mata suka tattara ƙarfinsu a ECNL. A ɓangaren maza ma zaman bai yi daɗi ba. A 2019 aka raba rukunin manyan yara hawa biyu, aka sa ƙungiyoyin MLS a sama, aka bar wasu tsofaffin kulob-kulob masu tarihi a ƙasa, suka ji an wulaƙanta su.

Ranar 15 ga Afrilun 2020 hukumar ƙasa ta rufe DA gaba ɗaya, maza da mata, ta ce annobar korona ta taɓa aljihunta. Kulob-kulob suka wayi gari babu gasa, kowa tasa ta fisshe shi. MLS ta kwashi mazan ta kafa MLS Next, ta fara da kulob 113. Wasu suka sauya sheƙa zuwa ECNL ta maza. Kulob-kulob na mata da ECNL ba ta buɗe wa ƙofa ba suka kafa Girls Academy, wadda ake kira GA. Daga baya, a ƙarshen 2024, MLS Next da GA suka ƙulla ƙawance, wanda a aikace yana nufin ɓangare biyu ne ke fuskantar juna: ECNL da mazanta da matanta a gefe guda, MLS Next da GA a ɗaya gefen. Saboda haka kulob ɗin da ya ce maka yana MLS Next, ka tambaye shi a wace gasa matansa suke bugawa, domin MLS Next ta maza ce.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne, ba da cin wasa ake hawa ba. Kulob ne ke neman shiga, shugabannin gasa su duba su amince ko su ƙi. Ƙaramin kulob na iya tara yara masu hazaƙa ya lallasa kowa a yankinsa, amma ƙofar ta kasance a rufe, wani lokaci saboda akwai babban kulob a kusa da ya riga shi shiga. Idan aka hana shi tambari, iyaye sai su kwashe yaransu, ƙungiyar da koci ya gina shekara da shekaru ta watse cikin makon gwaji ɗaya. Na ga haka da idona a wani kulob da na yi aiki da shi. Maƙwabcinmu ya samu shiga babbar gasa, cikin 'yan makonni yara mafi ƙwarewa suka koma can, kuma da dama daga cikinsu suka ƙare a benci, domin ƙungiya ɗaya mutum 11 take sa wa a fili komai girman sunanta. Yaran da ke buga cikakken wasa a wurinmu suka koma ana ba su minti goma sha biyar. Wasu daga cikinsu kafin su kai 16 sun ajiye takalmi.

Sannan kowace gasa ta gano cewa sunanta abin sayarwa ne, sai ta buɗe hawa na biyu. ECNL tana da Regional League. GA tana da Aspire. MLS Next ita ma daga kakar 2025/26 ta zama hawa biyu, Homegrown a sama, Academy a ƙasa. Ga kuma wasu gasanni da dama a gefe. Duk mai magana da kai zai ambaci babban sunan ne kawai. Don haka kada ka yarda da “muna cikin ECNL” ko “muna MLS Next”. Ka ce a rubuta maka sunan ƙungiyar da yaron zai shiga da kuma hawan da take bugawa. Iyaye da yawa sun biya kuɗin hawan sama sun tarar da ɗansu a na biyu.

Za ka iya tambaya, me ya hana waɗannan kulob-kulob su ma su ci riba daga yaran da suka rena, su rage wa iyaye kuɗi? A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Da wannan kaso ne ƙananan akademi da yawa a Afirka da Kudancin Amurka suke numfashi. A Amurka an daɗe ba a aiki da dokar. Lokacin da Tottenham ta sayi DeAndre Yedlin daga Seattle Sounders a 2014, kulob ɗin da ya rene shi yana yaro, Crossfire Premier, ya kai ƙara FIFA yana neman kasonsa. Aka yi ta ja-in-ja har 2019, hukunci ya fito cewa Tottenham ba za ta sake biya ba, tunda ta riga ta miƙa kuɗin gaba ɗaya ga MLS. Ita kanta MLS sai da abin ya ƙone ta. Weston McKennie ya yi shekara bakwai a akademin FC Dallas, ya cika 18 a 2016, ya tafi Schalke, Dallas ba ta samu ko kwabo ba. A 2019 MLS ta sanar cewa za ta fara bin dokar, kuma daga baya ta fito da wani tallafi da take ba ƙananan kulob-kulob na MLS Next idan yaronsu ya koma akademin MLS ya zama ƙwararre. Mataki ne mai kyau, amma bai kai ya ɗauke albashin masu horarwa ba. Muddin haka ne, kulob zai ci gaba da kallon aljihun uba, kuma zai fi son cin kofi yau, wanda za a ɗora a Instagram ya jawo rajista, a kan ya yi haƙuri da siririn yaro mai basira da sai nan da shekara huɗu zai yi ƙarfi. Wannan ne ya sa a gasar 'yan 12 da 13 za ka ga an cika fili da yaran da suka riga tsaransu girma.

Asarar da ƙasar ke yi a nan babba ce. A unguwannin baƙi, 'yan Meziko da 'yan Afirka da sauransu, akwai yaran da ke wasa a filin unguwa da za su ba kowa mamaki, amma iyayensu ba za su iya fitar da dubban daloli ba, balle kuɗin jirgi da otal. Ka sa a lissafinka cewa a manyan gasanni sau da yawa ana tilasta wa ƙungiya ta sauka a otal ɗin da masu shirya gasar suka zaɓa, ko da ka samu mai araha ko kana da ɗan'uwa a garin. Idan aka haɗa komai, kuɗin tafiya kan kai kuɗin rajista, har ya wuce. An yi ta wannan magana bayan Amurka ta sha kashi 2 da 1 a hannun Trinidad da Tobago a Oktoban 2017 ta rasa gurbin kofin duniya na 2018, amma tsarin bai canza daga tushe ba. Abin da ya ƙaru shi ne akademin kyauta. Na baya-bayan nan shi ne na San Diego FC, wanda ke aiki da tsarin Right to Dream, akademin nan na Ghana da ya ɗauko Mohammed Kudus daga Nima a Accra. Amma guraben kaɗan ne, ƙasar kuma faɗi gare ta.

To, kan ɗanka. Idan burin shi ne ya zama ƙwararren ɗan wasa, babu musu cewa hawan sama na MLS Next ya fi kusa da hanyar. Can ne ake karawa da akademin MLS, can masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyin da na tawagar ƙasa suka fi zuwa, kuma daga can ne ake hawa zuwa MLS Next Pro, gasar ƙungiyoyi na biyu da aka fara a 2022. ECNL ta maza tana da ƙarfi a wasu yankuna, har akwai garuruwan da ƙungiyarta ta fi ta MLS Next da ke kusa, kuma tana barin yaro ya buga wa makarantarsa. Amma duk wannan magana ce ta ɗan 15 ko 16. A shekara 12 abin da yake buƙata shi ne ya taɓa ƙwallo sau da yawa, da ƙafa biyu, ya koyi ɗaga kai kafin ta iso gare shi, ya yi kuskure ba a daka masa tsawa ba. Tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, sau huɗu a mako, awa 12 ke nan a cikin mota don atisayen da bai wuce awa shida ba. Da zai yi rabin wannan lokaci yana buga ƙwallo a bango ko da yayyen unguwa, da ya fi ƙaruwa. Ga barci, ga aikin gida na makaranta, ga kuma Islamiyya, wadda a nan Asabar da Lahadi ake yin ta, ranakun da gasa ke cinyewa. Wannan na ƙarshen ku zauna da mahaifiyarsu ku yanke shi tun kafin ku sa hannu, don idan kaka ta fara babu mai ɗaga muku ƙafa.

Za a kawo maka labarin Clint Dempsey, wanda iyayensa ke tuƙa shi kusan awa uku daga Nacogdoches zuwa Dallas don ya yi atisaye da Dallas Texans. Gaskiya ne. Amma a garinsu babu kulob mai ƙarfi a lokacin, kuma nauyin ya yi wa gidan yawa har sai da aka dakatar da tafiyar na ɗan lokaci don a tallafa wa yayarsa mai wasan tanis. Akwai kuma labaran da ba a cika kawowa ba. Matt Turner, wanda ya tsare wa Amurka raga a kofin duniya na 2022, sai da ya kai 14 ya fara ƙwallo sosai, ya bi ta jami'ar Fairfield, kuma babu ƙungiyar MLS da ta zaɓe shi a ranar zaɓen 'yan jami'a. Daryl Dike, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya taso a Oklahoma inda babu ƙungiyar MLS, ya bi ta jami'ar Virginia, ya je Orlando, ya wuce Ingila. Christian Pulisic ya girma ne a PA Classics, kulob ɗin da ba na MLS ba, kusa da gidansu a Pennsylvania. Shi ma abin da ya ba shi damar zuwa Dortmund yana 16 fasfon Kuroshiya ne da ya samu ta wajen kakansa, domin dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro zuwa wata ƙasa kafin 18, sai a 'yan yanayi kaɗan. Duk wanda ya yi maka alkawarin kai ɗanka Turai yana 15 ba tare da fasfon can ba, romon baka ne.

Shawarata a kansa: ka bar shi inda yake in dai kocinsa na koyarwa kuma akwai yaran da suka fi shi a ƙungiyar. Ranar da ka ga ya fi kowa nesa ba kusa ba, yana yin abin da ya ga dama a fili ba mai tare shi, lokacin tashi ya yi. Ko a lokacin, ka fara neman a sa shi cikin waɗanda suka girme shi da shekara ɗaya kafin ka nemi tafiya mai nisa. Idan kuwa akademin MLS ne da kansa ya kira shi, kyauta, wannan wata magana ce daban, ka saurare su da kyau.

'Yarka kuwa tana bakin lokacin da sunan gasa ya fara yin tasiri na gaske, kuma dalilin jami'a ne. Tun 1972 akwai dokar da ake kira Title IX, wadda ta wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su daidaita dama tsakanin maza da mata. Ƙwallon Amurka mai kwalkwali tana cinye guraben maza masu yawa, sai jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na mata don su cike giɓin. Shi ya sa a rukunin farko na gasar jami'o'i ƙungiyoyin mata sun haura 330, na maza kuwa sun ɗan wuce 200, kuma a na mazan jami'o'i na ɗauko 'yan wasa da yawa daga ƙasashen waje. Ƙofar mata ta fi faɗi ƙwarai. Masu horarwa na jami'o'i ba su da lokacin zagaya kowane gari, don haka suna zuwa wasannin baje koli inda ɗaruruwan ƙungiyoyi ke haɗuwa a wuri ɗaya. A ɓangaren mata, na ECNL ne suka fi jan su, GA na biye. Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ba su damar fara tuntuɓar yarinya daga 15 ga Yuni bayan ta gama aji na 10, amma kallon suna fara shi tun kafin nan. Yarinya 'yar 14 tana da kaka biyu a gabanta kafin wannan rana, kuma su ne kakannin da za a rubuta sunanta ko a wuce ta.

Saboda haka idan ita da kanta tana son buga wa jami'a wasa, ba kai ne kake so mata ba, kuma kulob ɗin ECNL ɗin nan zai sa ta a ƙungiyarsa ta farko inda za ta shiga fili, to kuɗin yana da ma'ana a kanta fiye da kan ƙaninta. Amma kada ka ɗauke shi jarin da zai dawo. Shekara da shekaru iyakar tallafin karatu da ƙungiyar jami'a ke da shi 14 ne ga mata, 9.9 ga maza, ana yanyanka shi ana raba wa mutum kusan talatin. Daga 2025 jami'o'in da suka shiga sabon tsarin NCAA an ɗage musu wannan iyaka, aka ƙayyade musu 'yan wasa 28, amma ɗage iyaka ba ya nufin kowace jami'a tana da kuɗin biya wa kowa. Yawancin yara ɓangare suke samu. Sau da yawa abin da yarinya za ta samu da kyakkyawan sakamakon jarrabawa ya fi wanda ƙwallo za ta kawo, kuma koci ya fi son mai maki mai kyau don ba sai ya kashe mata kasonsa duka ba. Ka kuma tambayi kulob ɗin ko suna da atisayen kare gwiwa a cikin ɗumama jiki, domin tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi yawa a 'yan mata na wannan shekaru, kuma yawan wasa ba hutu yana ƙara haɗarin.

Kafin ka biya ko sisi, ka je kallon atisayensu ba tare da ka sanar ba. Ka lura da yawan lokacin da yara ke tsaye a layi da yawan lokacin da ƙwallo ke ƙafarsu, ka saurari yadda koci ke magana da yaron da ya ɓata. Ka tambayi 'yan wasa nawa ne a ƙungiyar, domin idan sun haura 20 wasu ba za su ma sa riga ranar wasa ba. Ka nemi jimillar abin da iyaye suka kashe bara har da tafiya, ka kuma ji daga bakin uban yaron da ba ya cikin 'yan farko, shi ne zai gaya maka gaskiyar wurin. Kada ka ji kunyar tambayar rangwame, yawancin manyan kulob-kulob suna da asusun taimako, sai dai ba sa tallata shi.

Sai ka duba watan haihuwarsu. Daga 2016 aka riƙa raba rukunin shekaru daga Janairu zuwa Disamba. Daga kakar 2026/27, US Youth Soccer da US Club Soccer da AYSO sun koma bin shekarar makaranta, daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Yuli, kuma ECNL na cikin wannan. Hawan sama na MLS Next ya tsaya a kan Janairu, don ya dace da tsarin FIFA. Yaron da aka haifa a Nuwamba zai kasance cikin ƙanana a MLS Next, amma cikin manya a ECNL, kuma a shekara 12 tazarar wata goma tana iya zama bambancin shiga fili da zaman benci. Ka faɗa wa kowane kulob ranar haihuwar yaran, ka ce su gaya maka ƙungiyar da kowannensu zai faɗa da sunan kocin da zai riƙe ta, sannan ka nemi a ba su damar yin atisaye da ita sau biyu ko uku kafin ka ba da amsa.